Gwaggo Ba Ta Ba da Amsa Kyauta

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, ba wanda ya isa ya ja da wannan. Gwaggo ta koma da hantsin wata Laraba a ɗakinta da ke Jikwoyi, can gefen Abuja, rediyonta na kan cinyarta yana ta magana shi kaɗai. Na yi kuka, na yi haƙuri. Abin da har yau na kasa haɗiyewa shi ne irin bayanin da na ji ana yi a kanta a zaman makoki, sai ka ce wata mata daban aka kai makwanci.

Abokan aikin Yaya, babban ɗanta, sun zo daga ma'aikata da manyan motoci, suka toshe layinmu har mai ruwa ya rasa inda zai bi da kurarsa. Suna shigowa suna cewa, "Hajiya ai mace ce mai haƙuri, ko muryarta ba a ji." Gwaggo? Matar da in ta yi tsaki a tsakar gida sai kajin maƙwabta sun watse? Wata kuma, matar wani oga, ta ɗaga kai ta kalli silin, ta raɗa wa ta kusa da ita wai abin mamaki, uwar darakta guda ta ƙare rayuwarta a irin wannan lungu. Ta ɗauka ban ji ba. Na ji sarai. Sai wata 'yar uwarmu da ta zo daga Kano, wadda rabonta da gidan nan tun ina 'yar makaranta, ta gyara hijabi ta ce, "Allah dai ya yafe mata wannan sauraren waƙoƙi da ta sa a gaba da tsufanta." Aka ce amin. Wallahi ni ban ce ba. Allah ya yafe mata dukkan kurakuranta, amin dubu, amma wannan ba ya cikinsu.

Su kuwa matan da suka san ta, suna can bayan gida wajen murhu suna tuƙa tuwon 'yan gaisuwa, hayaƙi na shiga idonsu. Ba wanda ya ce su zo su faɗi ko kalma ɗaya. To, ni zan faɗa. Gwaggo yayar mahaifina ce, a hannunta na tashi, kuma ko bayan da na yi aure na kama aiki a wani kemis a Wuse, Asabar ba ta taɓa riska ta a wani wuri ba gidanta ba.

Malamar firamare ce da ta yi ritaya. Aikin mijinta ne ya kawo su Abuja. Da ya rasu ta ƙi komawa gida, ta kuma ƙi bin Yaya Maitama, unguwar masu kuɗi, ta ce a can in ka yi sallama kare ne ke amsa maka. Abin da ta mallaka a duniya littattafai ne na tsofaffin marubutan Hausa, na labari da na waƙa, wasu bangonsu ya fita ta ɗinke da zare da allura. Kuma ba ta ba da aronsu. Cinsu ake yi.

Ga yadda ake cin. Ranar Asabar bayan la'asar a shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Matan unguwa su taru: mai awara, mai kitso, matar mai walda, wata Bayarabiya mai shagon provishan, har da 'yan mata masu jiran sakamakon jarrabawa. Gwaggo ta fito da kwandonta a rufe da tsumma, ta zauna, ta kalle mu ta saman tabarau, ta ce, "Jiya na ji wani yaro a rediyo yana ta kukan soyayya. Sunan waƙar tasa wai Takalmina Ya Tsinke a Tasha. To, wane tsoho ne ya ɓuya a ciki?"

Wannan ta kalli waccan. Can sai mai kitso ta buga cinya ta ce ai ta tuna, akwai littafin nan da mutumin ya shiga birni ba takalmi saboda igiyarsa ta tsinke a hanya, kowa na yi masa kallon mahaukaci. Ta faɗi sunan wanda ya rubuta. Gwaggo ta ɗaga tsumma, ta zaro littafin, ta miƙa mata. In kuwa kin yi kuskure, kin shiga uku da tsiya har a tashi. "Ke da kike karanta saƙon waya tun asuba, wannan ɗan abin ya gagare ki?"

Mawaƙin bai san ya ɗauko kowa ba, kuma wannan ne ke ba ta dariya. Takan ce, "Yaran nan suna goye da kakanninsu ba su sani ba." Ita ba kiɗan take bi ba. Sunan waƙar take jira, ta juya shi ta ga wane tsohon marubuci zai faɗo daga ciki. Wannan shi ne sauraren waƙoƙin da ake roƙa mata gafara a kai.

Kada mai karatu ya jira in faɗi sunan ko marubuci ɗaya a nan. Ba zan faɗa ba. Gwaggo ba ta ba da amsa kyauta, ko za ki yi kuka, ko za ki yi rantsuwa cewa sunan na kan harshenki. Ni da ta goya ma ba ta taɓa raga mini ba.

Dokar kuwa ba ta da wuya. Wadda ta ci littafi ta tafi da shi gida, ta karanta, ko ta sa a karanta mata. Littafin nata ne har ranar da wani ya cinye shi daga hannunta. Amma tilas duk Asabar ta zo da shi, ta kawo nata sunan waƙar da ke nuna mai littafin. In mai littafi ba ta zo ba, ko haihuwa ta yi ko ciwo ya kwantar da ita, mu muke naɗe tabarmi mu bi ta har gida. Haka littattafan Gwaggo suka yi ta yawo a Jikwoyi, daga ɗaki zuwa shago, suna dawowa da tabon manja da ƙamshin man kitso. Ko a jikinta. Takan ce, "In na ga littafi fes, ba tabo, ba kunnen shafi a naɗe, tausayi yake ba ni. Ba wanda ya so shi ke nan."

A kan wannan suka taɓa ɓatawa da Yaya. Bayan an ba shi darakta, ya turo mota da wani ƙaton kabad mai gilashi, mai makulli, wai a adana littattafan Hajiya kada su ƙare a hannun mutane. Ta yi godiya, ta sa masa albarka. Da ya dawo gaishe ta, ya tarar da kabad cike da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da garin yaji, an kulle ram, makulli na rataye a wuyanta. Littattafai kuwa suna nan a kwando.

Ya ce, "Haba Hajiya! Kin san daga ina na sa aka kawo wannan?"

Ta ce, "Na sani mana. Ɓera nake kulle wa, shi ke son daddawa. Littafi ai so nake a ɗauka."

Ya yi fushi, ya sa aka kwashe kayan miyar aka mayar da kabad ɗin Maitama. Ita ma ta yi fushi, ta ƙi ɗaga wayarsa har sai da azumi ya shigo ya sasanta su. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, Yaya ne ɗalibinta na farko. Tun yana yaro da shi ta fara wannan wasa, kuma ta sha faɗa mini ba ta taɓa ganin mai kaifin kai irinsa ba. Takan ce, "Yaron nan ya san su duka. Kwat ce ta danne su."

Yanzu sai Mama Mai Doya. 'Yar ƙauyen Paikon Kore ce, Kirista, ba Bahaushiya ba, tana kawo doya daga gonar danginta ta kasa a bakin titi. Lokacin da ta fara zama a tabarmarmu ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa da Hausa. Gwaggo ta zaunar da ita, yatsa a kan layi, da faɗa da tsiya, har ta sauke littafi guda da kanta. Labarin wata uwa ne da ɗanta ya haye kogi neman aiki, ita kuma kullum tana bakin ruwa tana duban kwalekwale.

Sai ɗan Mama, shi kaɗai gare ta, mota ta buge shi a kan babur a hanyar Nyanya. Ta daina fitowa kasuwa, ta daina cin abinci. Gwaggo ta sa muka naɗe tabarmi muka je ɗakinta. Ba ta yi mata dogon wa'azi ba. Ta zauna, ta gyara tabarau, ta ce ta ji wata waƙa mai suna Mai Kwalekwale Bai Dawo Ba, wane tsoho ne a ciki? Na buɗe baki ke nan, don ko jariri ya san amsar, ta sakar mini wani mintsini a cinya wanda sai da ya yi kwanaki yana zafi. Na rufe bakina. Kowa ta rufe nata. Can Mama ta ɗago kai daga kan filo, da wata murya kamar ba tata ba, ta faɗi sunan. Gwaggo ta sa mata littafin a hannu ta ce, "Kin ci. Asabar kuma ki tashi ki kawo mini shi, ba na son lalaci."

Ta kuwa tashi. Tun daga ranar, duk Asabar Mama za ta zo da littafin a naɗe cikin leda, ta faɗi sunan waƙar nan guda, ba ta taɓa canzawa ba. Mu kuma mu yi ta soshe-soshen kai, wannan ta ambaci marubucin da ba shi ba, waccan ta ce kai, abin da wuya. Mama ta yi dariya ta mayar da abinta cikin zani. Shekaru muka yi a haka. Duk sabuwar da ta shigo tabarma, kafin ta zauna an ja ta gefe an gaya mata. Ita kanta Mama ta san mun sani. Ba wanda ya taɓa furtawa.

To, wannan ita ce matar da aka ce ko muryarta ba a ji.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya kira ni ɗaki. Ya ce ya duba kwandon Hajiya ya ga rabin littattafan ba sa nan, an ce suna hannun matan unguwa. In je in karɓo su duka. Zai yi mata laburare a falonsa, da hotonta a sama, abin tunawa.

Na ce, "A cikin me za ka sa su, Yaya?"

Ya ce, "Akwai kabad."

Jama'a, ku ji mini! Kabad ɗin da ta ƙi da ranta, shi za a tura ta ciki bayan ba ta da bakin magana. Na ce wallahi ƙafata ba za ta je ba, in yana so ya faɗa musu da bakinsa. Ya kuwa faɗa. Ya sa aka ajiye masa kujera a gindin mangwaron nan, daidai inda take zama, ya ce duk wadda ke riƙe da kayan marigayiya ta dawo da shi, kayan magada ne. Kayan magada! Sai ka ce ɓarayi ya tara.

Suka kawo. Mai awara ta kawo nata tana share hawaye da gefen mayafi. Mai kitso ta dire nata ba ta ko kalle shi ba. Matar Yaya na karɓa da 'yan yatsu biyu tana jefawa a kwali, tana cewa wasu sai an sa musu sabon bango. Ina tsaye na cika na batse, amma gida nasu ne, uwa tasu ce, me zan ce?

Mama Mai Doya ce ta ƙarshe. Ta tsaya a gabansa, ledarta a ƙirji, ta ƙi miƙawa.

Ta ce, "Oga, wannan ba na sata ba ne. Ci na yi. Hajiya ya ce wanda yake so, sai ya faɗa sunan mai rubutu."

Yaya ya ɗan yi murmushi irin na manya, ya ce, "To Mama, ina jin ki."

Ta ce, "Mai Kwalekwale Bai Dawo Ba."

Ba wanda ya ja shi gefe. Wa zai ja darakta gefe? Kafin in motsa, kafin in yi ko tari, sunan ya fito daga bakinsa tar, ba ko tunani, kamar yaron da aka tambaya a aji. Har fuskarsa ta washe, ya waiga yana neman wanda zai yaba masa.

Bayarabiyar nan ta ɗora hannu biyu a ka. Mama ta tsaya kamar ba ta ji ba, sannan ta warware ledar a hankali, ta goge bangon da gefen zaninta, ta ɗan russuna ta miƙa masa da hannu biyu.

Ta ce, "Ka ci, oga. Doka ne."

Ta juya ta fita, ta bar ledar a ƙasa.

Ban san lokacin da na bi shi bakin mota ba. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba tun da nake, amma ranar direbansa ma sai da ya sunkuyar da kai. Na ce, "Kai kaɗai ne mai ilimi a Jikwoyi? Ka ɗauka duk matan nan ba su san amsar ba? Mai awara ta sani, mai kitso ta sani, 'yan matan nan da ba su gama sakandare ba sun sani! Shekara da shekaru muna haɗiye ta." Na gaya masa labarin ɗanta, da babur, da mintsinin da uwarsa ta yi mini. Na ce, "Abin da Gwaggo ta ba ta ta riƙe ta tashi daga kwance, shi ka fizge don ka cike gurbi a gilashi. Allah ya ba ka lada."

Ya kalli littafin. Ya ce, "Ban sani ba."

Na ce, "Ina za ka sani? Yaushe rabonka da tabarma? Amma tunda ka amsa, ka shiga wasa. Mai littafi shi ke kawo waƙa ranar Asabar. In bai zo ba, ka san abin da ake yi."

Ya shiga mota, aka ja. Aka sa wa gidan Gwaggo kwaɗo.

Ranar Asabar muka zauna a ƙofar gidan, a waje, har rana ta fara sanyi. Bai zo ba. Na ce to, a naɗe. Muka je muka ɗauko Mama, tana cewa a bari, a bari, muka ce ba a bari. Muka cika wata ƙaramar bas a Nyanya, mu da tabarminmu, sai Maitama. Maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce oga na hutawa, madam ta ce a dawo wani lokaci. Na ce ba komai, ba ciki muka zo ba. Muka shimfiɗa tabarmi a bakin get, a kan wannan simintin nasu mai sheƙi, muka zauna. Motoci na wucewa ana sauke gilashi ana kallonmu. Mai awara ta fito da gyaɗa ta rarraba.

Mun ɗan jima kafin ƙofa ta buɗe. Yaya ne, cikin jallabiya, ba hula, da silifas ɗin wanka. Littafin na hannunsa. Ya tsaya yana kallonmu, mu ma muna kallonsa, ba wadda ta gaishe shi. Sai ya cire silifas, ya zauna a bakin tabarma, ya tanƙwashe ƙafa yadda uwarsa ta koya masa. Ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Na ji wata waƙa. Mai Kwalekwale Bai Dawo Ba. Wane tsoho ne ya ɓuya a ciki?"

Wannan shirun mun ƙware a kansa. Mai kitso ta kalli sama. Bayarabiya ta ce kai, abin da wuya. Ni kuwa na riƙe cinyata daidai inda aka taɓa mintsina ta. Mama ta daɗe tana kallon hannunsa, sannan ta faɗi sunan. Ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, "Kin ci, Mama." Ya tashi ya shige, ya manta silifas ɗinsa.

Kada a ce na huce. Ban huce ba. Ta ƙofar da ya bari a buɗe na hango falon, ga kabad can, ga hoton Gwaggo a sama an zaɓo wanda ta yi shiru kamar mai haƙurin gaske, ga sauran littattafanta a jere a bayan gilashi. Suna hannunsa, don haka waƙoƙinsu na wuyansa, kuma tabarminmu ba su tsufa ba. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya sa yatsan nan da ta ɗora a kan layi don wasu su gani ya zame mata haske.

A bas muna dawowa, Mama na kusa da ni, littafin a cinyarta. Mun kusa Nyanya sai na ga ta ɗaga shi ta kai hanci. Ta sake shinshinawa, ta miƙo mini. Kwanakin da ya yi a kabad ɗin nan, ashe ya kwaso warin daddawa. Mama ta ƙyalƙyale da dariya, hawaye na zuba, ta rungume shi ta ce, "Hajiya ne. Har can ma ya bi shi."